Lu'ulu'u da Tsakiya: Tarihin Adon Wuyan Amarya a Yammacin Kano

Duk macen da ta je biki a Jama'a ta ƙasar Gwarzo, ko kuwa a wani ƙauye na ƙasar Kabo, cikin 'yan shekarun nan, da wuya ta komo gida ba ta ga fararen duwatsu a wuyan amarya ba. Su kan zo hawa uku ko hawa biyar, farare tas kamar ƙanƙara, da 'yan kunne irinsu, wani lokaci har da wata 'yar sarƙa da ke saukowa daga tsagar kai zuwa goshi. 'Yan mata suna kiransu lu'ulu'u. In aka tambayi tsofaffi, sai su taɓe baki su ce ai kayan Indiyawa ne, yara suka gani a fim suka ɗauka, amma su a zamaninsu tsakiya da murjani aka sani, gadon iyaye da kakanni.

Tsofaffin nan suna da gaskiya, amma rabinta suka faɗi. Gama ita tsakiyar da su ke taƙama da ita, galibinta daga Indiya a ke kawo ta. Wurin da aka ƙirga aka biya sadakin kakanninsu da shi, shi ma daga tekun Indiya ya fito. Watau Indiya ta daɗe a wuyan amaren ƙasar Hausa tun ba a san fim ba. Abin da ya sake shi ne darajar abin da a ke ratayawa, da irin amfanin da zai yi wa mai shi ranar da ta shiga matsi.

Gwarzo tana yamma da birnin Kano, tafiyar mil 40 da 'yan kai, a kan hanyar da ta bi ta Kabo ta wuce Dayi da Malumfashi. Ƙasa ce ta manoma, ta dawa da gero da gyaɗa da auduga. Ba teku kusa, ba kuwa inda a ke haƙo azurfa, saboda haka kusan duk abin da amarya za ta yi ado da shi baƙo ne. Masauƙinsa na fari Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Daga nan 'yan koli su kan saro, su ɗora wa jaki ko su ɗauko a ka, su bi kasuwannin ƙauye kamar ta Getso da ta Gwarzo, su baje allura da madubi da tozali da duwatsun wuya a kan tabarma. Matan aure da ba su fita kasuwa kuwa, dillaliya ce ke kai musu har ɗaki.

A wancan zamani amaryar da iyayenta ke da hali ta kan sami tsakiya da murjani a wuya, mundaye da awarwaro a hannu, zobba a yatsu, jigida a ƙugu. Waɗansu suna zuwa cikin lefen miji, waɗansu uwa ce ke tara wa 'yarta da kuɗin kaɗi da na ƙuli-ƙuli tun yarinya na ƙarama. Ko ta wace hanya suka zo, da zarar sun shiga hannun amarya nata ne. Miji ba shi da iko ya sayar sai da yardarta, in kuwa aure ya mutu, abin da uwarta ta ba ta da shi za ta fita.

To, mene ne tsakiya? A rubuce ba a rarrabe ta da tsakiyar da ke nufin cibiyar abu, sai a baki, inda muryar ke bambanta. Wani jan dutse ne mai tauri, wanda in aka ɗaga shi a rana haske kan ratsa shi kaɗan. A kan feƙe shi dogo-dogo da kusurwoyi, a huda shi, a zura masa zare. Garin da ya fi ko wanne suna a duniya wajen wannan aiki shi ne Kambay, wanda a yanzu a ke kira Khambhat, a bakin teku cikin jihar Gujarat ta yammacin Indiya. Mutanen wannan yanki sun fi shekara 4,000 suna sana'ar.

Aikin kuwa ba na mai garaje ba ne. A kan haƙo dutsen a tsaunukan Ratanpur, kusa da kogin Narmada, a shanya shi a rana wata da watanni. Sa'an nan a zuba shi a tukwanen ƙasa a gasa, domin wuta ce ke fito da jan nan da mata ke so, ɗanyensa ya fi kama da ruwan ƙasa. Mai fafara ya kan kafa wani tsinin ƙarfe a ƙasa, ya jingina dutsen, ya riƙa ƙwanƙwasa shi da 'yar guduma ta ƙahon ɓauna har ya kama siffa. Daga nan sai mai wasawa, sai mai huda. Shi mai huda yana aiki da wani ɗan sanda mai ƙwayar daiman a baki, yana juya shi da tsirkiya kamar ta baka, ruwa na ɗiga a kai. Ya kan huda daga wannan gefe zuwa rabi, ya juya ya huda daga wancan, har ramukan biyu su haɗu. Shi ya sa in aka duba tsohuwar tsakiya da kyau a kan tarar ramin ya ɗan goce a ciki. Masu wasawa su ne suka fi shan wuya, gama ƙurar dutsen tana cin huhu, da yawa ba su kai tsufa ba.

Daga Kambay jiragen ruwa ke kai ta Adan da Jidda da Alƙahira. A nan ne ta ke gamuwa da mutanen ƙasar Hausa. Kafin zuwan jirgin sama, mahajjaci ya kan tashi a ƙasa, ya bi ta Barno da Wadai da Darfur, ya ƙetare Bahar Maliya ta Sawakin, yana tafe yana ƙwadago, har waɗansu su yi shekara bakwai ko fi ba su komo ba. Mai komowa daga irin wannan tafiya ba ya iya ɗaukar kaya mai nauyi. Abin da zai ƙulla a lalita, wanda ba ya ruɓewa, ba ya fashewa, kuma ko ina aka kai shi kuɗi ne, shi ya ke nema, tsakiya kuwa ta cika waɗannan sharuɗɗa duka. Wani Bature mai suna Arkell, wanda ya yi aikin mulki a Darfur, ya bi sawun duwatsun nan daga kasuwannin Sudan har ya gano Kambay ce tushensu, ya buga bincikensa a 1936.

Amma ba ko wane jan dutse ne na Indiya ba. Akwai lantana, wadda fataken Hausawa ke kawo dutsenta daga gaɓar Kwara ta arewa, a sauko da shi cikin kwalekwale, masu sana'a a Ilori su feƙe. Akwai kuma duwatsu da ƙarau na Masaga a Bida, waɗanda ke narka kwalba su ƙera. Yadda mata suka riƙi kayan nan da daraja, a dubi sunayen 'ya'yansu, Lantana da Murjanatu.

Indiyawa ba su ci kasuwar su kaɗai har abada ba. Akwai wani gari a Jamus, Idar-Oberstein, wanda mutanensa suka daɗe suna wasa duwatsu da manyan magogai da ruwan kogi ke juyawa, ma'aikaci yana kwance rubda ciki. Wajen 1830 'yan garin da suka yi ƙaura zuwa Barazil suka tarar da irin dutsen nan jibge a can, suka fara aiko da shi gida. Jamusawa suka koyi rina shi ja, suka sayo samfur a Alƙahira, suka kwaikwayi yankan Kambay, suka riƙa turowa Afirka buhu-buhu. Bayansu kuma mutanen Bohemiya suka fito da ta gilashi mai araha. Saboda haka tsakiyar da wata tsohuwa ta gada a Jama'a tana yiwuwa ta Indiya ce, tana kuma yiwuwa dutsen Barazil ne da Bajamushe ya wasa ya ba shi kamannin na Indiya. Kwaikwayo ya daɗe cikin wannan ciniki.

Shi murjani hanyarsa dabam. Ba dutse ba ne na ainihi, ginin waɗansu ƙananan halittu ne da ke zaune a ƙarƙashin Bahar Rum, yana fitowa da rassa kamar itace. Masunta na Italiya su kan ciro shi a gaɓar Tunis da Aljeriya da Sardiniya, a gyara shi a garuruwa irin su Torre del Greco, a kai Tarabulus. Daga can raƙuma su ɗauko ta Gadamas da Gat da Agadas da Damagaram, har su sauke a gidajen Larabawan Kano. Clapperton, wanda ya shigo Kano a 1824, ya lissafa abin da ya gani a kasuwa: mundayen tagulla, duwatsun gilashi, murjani, da 'yan kayan azurfa kaɗan, amma ya ce bai ga na zinariya ba ko ɗaya. Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya zo a 1851, ya tarar da duwatsun da a ke kawowa daga Benis da Tiriyesta, ya kuma rubuta cewa wuri 2,500 ke sayen riyal guda. Wurin nan kuwa daga tsibiran Maldib a ke tsinto shi, kudu maso yamma da Indiya. Tun kafin waɗannan baƙi ma, kaburburan manya na Durɓi Takusheyi, kusa da Mani a ƙasar Katsina, waɗanda aka tona a 1907 da 1992, an sami wuri da duwatsun wuya a cikinsu, alhali masu su sun rasu shekara 500 ko fi da suka wuce.

Riyal ɗin da Barth ya ambata ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ƙashin bayan dukiyar mata. Kuɗin azurfa ne mai hoton Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya. Ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga shi da wannan shekara a jikinsa, domin 'yan kasuwa ba su yarda da wani iri ba. Nauyinsa giram 28. Maƙeran fari, watau masu aikin azurfa da tagulla, su kan narka shi su ƙera mundaye da zobba da kwandaga. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, aka hana shigo da wuri a 1904, aka kawo sule da fataka na azurfa a 1913, su ma da yawa a maƙera suka ƙare, har a 1920 hukuma ta sake su da na gaci. A daidai lokacin nan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, kuɗi suka shiga hannun manoma, ayarin hamada kuwa ya mutu, kaya suka koma zuwa ta Ikko.

Dalilin da ya sa mata suka nace wa azurfa da dutse mai kyau ba ado kaɗai ba ne. A ƙarni na 19 yammacin Kano bakin daga ne, Katsinawan Maraɗi suna kawo hari, shi ya sa garuruwa irin su Gwarzo da Getso da Karaye suka yi ganuwa. In aka yi kururuwa ba a gudu da rumbu, ba a gudu da gona, amma abin da ke wuya da hannu yana tafiya da mai shi. Baba ta Karo, wadda ta tashi kusa da Zarewa, kudu da Karaye, wadda Mary Smith ta rubuta labarinta aka buga a 1954, ta ba da labarin yadda mahara suka kama waɗansu danginta, sai da aka tara dukiya aka fanso su. Bayan hari ya ƙare yunwa ba ta ƙare ba. A irin shekarar da aka yi ta 1913 zuwa 1914, wadda waɗansu ke kira Kakalaba, ko farin 1973, munduwa guda ta azurfa tana iya zama hatsin da zai kai gida ga damina. Mace ba ta da banki, hannunta shi ne bankinta, dillaliya kuwa ita ce mai canji.

Cikin duk kayan nan da aka zana ba a ambaci lu'ulu'u ba, da dalili. Sunansa ya riga shi zuwa da nisa. Almajirai sun san shi a Suratur Rahman, inda aka ambace shi tare da murjani, masu tatsuniya suna cika gidan sarkin aljannu da shi, har kalmar ta zama ta ko wane dutse mai walƙiya, da daiman duka. Amma shi kansa, na ainihi, ya fi ƙarfin kasuwar ƙauye, gama sarakunan duniya suna sayensa tun bai bar bakin teku ba.

A cikin wata irin kawa ta teku a ke samunsa, mai ɓawo biyu kamar makankari. In wani ɗan tsutsa ko wani abu ya shiga namanta ya dame ta, sai ta riƙa lulluɓe shi da irin ruwan da ta ke shafe cikin ɓawonta da shi, shafi bisa shafi, shekara da shekaru, har ya zama ƙwaya mai sheƙi. Sai a buɗe kawa ɗari da ɗari ba a sami mai kyau guda ba. Wurare biyu suka fi suna a da: mashigin Mannar, tsakanin Indiya da Silon, wadda a ke kira Siri Lanka yanzu, da kuma tekun Fasha, musamman kewayen Baharain. A tekun Fasha a kan fita da zafi, wata huɗu cur, daga Yuni zuwa ƙarshen Satumba. Mai nutso ya kan matse hancinsa da wani ɗan maƙali, ya taka dutse mai igiya ya nutse gaba 5 zuwa 10, ya yi kamar minti guda yana tsintar kawa cikin kwando, sa'an nan ya girgiza igiya abokinsa ya jawo shi. Haka zai yi ta yi daga safe har yamma, a kan 'yan dabino da gahawa. A farkon ƙarni na 20 an ƙiyasta jirage 4,500 da mutum 74,000 ke wannan aiki. Da yawansu bayi ne ko 'ya'yan bayi da aka kwaso daga Afirka, sauran kuwa bashin mai jirgi ya ɗaure su, uba ya mutu ɗa ya gaji bashin.

Mafi yawan abin da suka tsamo Bombai a ke kai shi, wadda a ke kira Mumbai yanzu, a tace, a huda, a shirya a zare. Indiyawa suna kiransa lu'ulu'un Basra, da sunan tashar da a ke cinikinsa. Birnin Haidarabad, ko da ya ke yana nesa da teku, ya zama babbar kasuwarsa, saboda sarakunansa Musulmi, masu sarautar Nizam, sun so shi ƙwarai. A can ne amarya ke rataya wata sarƙa mai hawa bakwai da a ke kira satlada. A ƙasar Maharashtra kuwa amarya ba ta cika sai da zoben hanci mai lu'ulu'u. Wajen 1865 Sarkin Baroda, Khanderao, wanda ba Musulmi ba ne, ya sa aka yi wata shimfiɗa da ƙananan lu'ulu'u fiye da miliyan guda, da nufin a kai ta kabarin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, a Madina. Ya rasu ba a kai ba. A 2009 aka yi gwanjonta a Doha a kan dalar Amurka wajen miliyan 5 da rabi.

Akwai wani abu da mai karatu zai so ya sani game da amaryar Indiya, domin ya yi kama da na nan. Kayan adon da aka ba ta a bikinta suna da suna a dokarsu, stridhan, watau dukiyar mace, kuma nata ne ita kaɗai. Inda suka saɓa da Hausawa shi ne a wurare da yawa iyayen mace ne ke biyan dangin miji, al'adar da ta jawo wahala har gwamnatinsu ta haramta ta a 1961, ko da ya ke ba ta mutu ba. A ƙasar Hausa kuwa miji ke ba da sadaki, wanda mafi ƙarancinsa a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne, zinariya giram guda da ɗan ɗori.

Wanda ya karya darajar lu'ulu'u wani Bajapane ne, Mikimoto, ɗan mai sayar da taliya a garin Toba. Ya ce tun da kawa ba ta yin lu'ulu'u sai wani abu ya dame ta, to, mutum ya dame ta da hannunsa mana. A 1893 ya sami rabin ƙwaya, daga baya waɗansu 'yan ƙasarsu suka gano yadda za a sami mulmulalliya, wajen 1920 kuwa lu'ulu'un kiwo ya shiga kasuwannin Turai. Da aka haɗa da karayar ciniki ta duniya ta 1929, sai masu nutso na tekun Fasha suka rasa mai saye, jirage suka ruɓe a gaɓa. Da ba don an sami man fetur a Baharain a 1932 ba, da labarinsu ya fi haka muni. Daga baya mutanen Sin suka koma kiwon kawar ruwan daɗi a tafkuna, inda guda ɗaya ke ba da ƙwaya 20 ko fi, har suka zama su ne ke fitar da mafi yawan lu'ulu'un duniya. Ƙasa da wannan kuma akwai na kwaikwayo zalla. Tun a ƙarni na 17 wani mai yin carbi a Faris ya gano cewa in aka shafe ƙwayar gilashi da ruwan ɓawon kifi ta kan yi sheƙi irin na lu'ulu'u. Na yanzu roba ce a ke shafa wa fenti, injin yana fitar da dubbai a sa'a guda.

Saura yadda sha'awarsa ta iso ƙauye. An buɗe gidan silima na Rex a Kano a 1937. Cikin shekarun 1950 Kwarori masu gidajen silima suka gwada kawo finafinan Indiya, suka ga jama'a sun fi son su da na Amurka, gama a ciki akwai auren dole da biyayyar iyaye da kunya, abubuwan da Bahaushe ya sani. Mother India, wanda aka yi a 1957, an yi shekaru ana maimaita shi. Amma silima wurin maza ne, matan aure ba su zuwa. Sai da aka buɗe gidan talabijin a Kano cikin shekarun 1970, bidiyo ya biyo baya, sa'an nan amaryar Indiya ta shiga tsakar gida da jan mayafinta da sarƙar goshinta. A 1990 aka yi Turmin Danya, finafinan Hausa suka fara, da yawansu kuwa suka ɗauki salon Indiya na waƙa da ado. Abin da ya rage, wayar hannu ta ƙarasa shi: yarinya a Jama'a tana ganin adon amaryar Mumbai a ranar da ta Kano ta gani. Ko lalle ma ya sake, daga ƙunshi na ja zalla zuwa zanen fulawa.

A tsakanin nan azurfa ta ba zinariya wuri. Tun da aka fara zuwa Makka ta jirgin sama daga Kano cikin shekarun 1950, alhazai ke komowa da 'yan kunne da sarƙa na gwal, daga baya Dubai ta zama kasuwar, inda Indiyawa ke da babban hannu a ciniki da ƙira. Lefe kuwa, wanda asalinsa ɗan kwando ne na kaba, ya koma kwalla, ya koma fantimoti, ya koma akwatuna jere. Wanda ya sami hali ya sa gwal a ciki, amaryarsa tana da abin da kakarta ta ke da shi, abin da za a auna a ba ta kuɗi. Sai dai gwal ya yi fiffike. Oza guda ta wuce dala 2,000 a 2020, ta wuce 3,000 a 2025, ga naira ta faɗi ƙwarai tun 2023. Manomin da ke jiran kuɗin masara da waken suya kafin ya yi wa ɗansa aure ba ya kusantarsa. Abin da zai iya shi ne sarƙa mai ruwan gwal da fararen duwatsun nan.

Ba a ce ba su da kyau ba. Ranar buɗar kai suna ɗaukar ido fiye da tsakiya, a hoto ma ba mai rarrabe su da na Haidarabad. Araharsu kuma ta sa 'yar talaka ta fito kamar 'yar sarki, abin da bai yiwu a da ba, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga yarinya a ranar aurenta. Amma turare da zufa suna cin fentinsu, kafin a yi sunan ɗan fari sun fara ɓarewa. Masu ciniki suna da hanyar gwaji mai sauƙi: a goga ƙwayar a hankali a kan haƙorin gaba. Lu'ulu'u na cikin kawa, ko na teku ko na kiwo, ya kan yi ɗan kaushi kamar yashi, ya kuma yi sanyi da nauyi a hannu. Na roba sulɓi gare shi, ba nauyi, ƙwayoyinsa duka kai ɗaya, a bakin ramin kuwa a kan ga inda fenti ya taru. Dillaliya ta san wannan sarai. Ta kan sayar da shi, amma in aka komo mata da shi ranar da yaro ya kwanta ciwo, ba ta karɓa.

Ita kuwa tsohuwar tsakiya ba ta zauna a ƙauye ta ga wannan zamani ba sai kaɗan. Daga ƙarshen shekarun 1960 samarin Turai da Amurka suka kamu da son tsofaffin duwatsun Afirka. Fataken Hausawa da na Gambiya suka shiga ƙauyuka gida-gida suna saye, wani lokaci da musayar kwano ko atamfa, suka cika akwatuna suka kai Faris da Niyu Yok. Mata da yawa sun ba da nasu da murna, suna ganin sun rabu da kayan tsofaffi. A kantunan can a kan ware na Kambay dabam, na Jamus dabam, na gilashi dabam, mai saye yana duban ramin da madubin ƙara gani, yana neman wurin nan da ya goce inda hudar Ba'indiye ta haɗu.